Ƙurar asbesto da diyyar ma'aikaci: wa zai biya cutar da ta zo bayan shekara 30?

Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yanka kwanon asbesto a gine-ginen Garki da Wuse na Abuja, yau ya haura sittin, ba ya taku goma sai ya tsaya yana haki, shin yana da haƙƙin diyya? In yana da shi, a hannun wa zai karɓa, alhali kamfanin da ya yi wa aiki ko allon sunansa babu?

Maganar ta sake tasowa ne tun watan Maris na 2024, lokacin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta sanar da haramta farin asbesto, nau'i na ƙarshe da ake amfani da shi a ƙasar. Ga kuma tallace-tallacen lauyoyin Amurka da Ingila da ke faɗo wa mutane a waya, ana ambaton miliyoyin daloli. Daga nan fahimta ta rabu biyu. Wasu sun ɗauka duk wanda ya taɓa kwana a ƙarƙashin silin asbesto kuɗi na jiransa. Wasu kuma sun ce a Najeriya wannan zancen banza ne, babu dokar da ta san da shi. Duka biyun ba haka ba ne. Dokar tana nan, ta ma ambaci cutar da sunanta. Matsalar ita ce hanyar da aka shimfiɗa ta karɓar diyyar ta fi dacewa da wanda inji ya datse wa yatsa jiya a gaban shaidu.

Yadda asbesto ya cika Abuja

Asbesto ma'adini ne da ake haƙowa daga dutse, jikinsa zare-zare. Ba ya cin wuta, ba ya tsatsa, ba ya ruɓewa, ga araha. Shi ya sa aka riƙa cuɗa shi da siminti ana buga kwanon rufi, allon silin da bututun ruwa, ana kuma sa shi a takalmin birki da kulocin mota, da abin da ake naɗe tukunyar tururi da shi a masana'antu. Akwai fari, akwai ruwan ƙasa, akwai shuɗi. Shuɗin ya fi muni, amma hukumar binciken sankara ta duniya ta sa dukkansu a rukuni na ɗaya, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam sankara.

A Najeriya an yi masana'antun buga kwano da silin na asbesto a Legas, Inugu, Sapele, Kano da Bauchi. Lokacin da kasuwarsu ke ci kuwa shi ne lokacin da ake gina Abuja, daga ƙarshen shekarun 1970 har zuwa ƙaurar gwamnati a ranar 12 ga Disamba, 1991. Gidajen ma'aikata na Garki, Wuse, Nyanya, Karu da Kubwa, makarantu, barikoki, da yawansu da wannan kayan aka rufe su. Waɗanda suka yi aikin da hannunsu kafintoci ne da birkiloli da masu haɗa bututu da leburori, waɗanda suka zo daga Kano, Katsina, Jos, Bauchi, har da ƙetaren iyaka daga Nijar. Da zarto ake yanka allon, ƙura ta tashi fari fat, mutum ya kaɗe rigarsa ya zauna cin abinci a wurin.

Cutar da ba ta gaggawa

Kwanon da ke zaune lafiya a saman ɗaki, bai fashe ba, ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Ɓarnar tana farawa ne in an yanka, an huda, an goge ko an farfasa. Zaren da ke tashi ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba, ido ba ya ganinsa, kuma in ya sauka can cikin huhu jiki ba ya iya narkar da shi. Nan zai zauna yana miki a hankali.

Cututtukan da aka fi sani uku ne. Akwai asbestosis, inda huhu ke yin tabo ya ƙandare, numfashi ya riƙa raguwa shekara bayan shekara. Wannan sai wanda ya daɗe yana shaƙa da yawa. Akwai sankarar huhu, wadda haɗarinta ke ninkuwa sosai in mutum yana shan taba. Sai mesoteliyoma, sankarar siririn tantanin da ya lulluɓe huhu ko kayan ciki. Ita ce mafi tsanani: kusan ba abin da ke kawo ta sai asbesto, ba ta buƙatar shaƙa mai yawa, kuma akasarin waɗanda aka gano suna da ita ba sa wuce shekara ɗaya zuwa biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa shaƙar asbesto a wurin aiki na kashe fiye da mutum 200,000 a kowace shekara.

Abin da ya raba waɗannan cututtuka da sauran raunin aiki shi ne jinkiri. Tsakanin shaƙa da bayyanar ciwo akan yi shekara 20, 30, wani lokaci 40 ko fiye. Sai a yi lissafi: wanda ya yanka silin a Garki a 1985 yana ɗan shekara 25, yanzu ne lokacin da ciwon zai iya taso masa, yana can ƙauyensu ya koma noma, ya manta ma da wannan ƙurar.

Abin da dokar 2010 ta tanada

Kafin 2010, tsohuwar dokar diyyar ma'aikata ta 1987 ce ke aiki. A ƙarƙashinta mai kamfani ko inshorarsa ne ke biya kai tsaye, dunƙule ɗaya: albashin wata 42 in an rasa rai, wata 54 in mutum ya naƙasa gaba ɗaya. In kamfanin ya mutu, maganar ta mutu da shi.

A watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a sabuwar dokar diyyar ma'aikata, aka damƙa gudanar da ita ga hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, wadda hedikwatarta ke nan Abuja. Tsarin ya canza daga tushe. Kowane mai ɗaukar ma'aikata zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wani asusu na bai-ɗaya, kuma haramun ne ya cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci don wannan. Daga asusun ake biyan wanda abin ya shafa. Ba sai ya tabbatar da cewa ubangidansa ya yi sakaci ba. Abin da ake nema kawai shi ne ciwon ya samo asali daga aikin.

Dokar ta faɗaɗa ma'anar ma'aikaci fiye da yadda mutane ke zato. Ta haɗa da na dindindin da na wucin gadi, mai aikin yini, ɗan koyo, ɗan aikin gida, wanda aka ɗauka da takarda da wanda aka ɗauka da baki. Sojoji ne kawai aka ware. A jadawalin farko na dokar, inda aka jera cututtukan aiki, akwai asbestosis, akwai kuma sankarar da asbesto ke jawowa.

Wanda ya naƙasa gaba ɗaya zai riƙa karɓar kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, ban da kuɗin magani. In ya rasu ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye, su ma kashi 90. In ɗa ɗaya ne, kashi 85. Ga wa'adi kuma, wanda nan ne mutane ke faɗuwa: ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da mai aiki cikin kwana 14, shi mai aikin ya kai rahoto ga hukuma cikin kwana 7, sannan a shigar da takardar neman diyya cikin shekara ɗaya. In akwai uzuri mai ƙarfi, hukumar na iya karɓa har zuwa shekara 3. Ga cutar aiki, ba daga ranar da aka shaƙi ƙura ake fara ƙirga ba, daga ranar da ciwon ya kayar da mutum ne. Wannan sassauci ne babba, ba don shi ba da babu mai cutar asbesto ko ɗaya da zai cika wa'adi. In hukumar ta ƙi biya, akwai kwana 180 na neman ta sake dubawa, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Inda gizo ke saƙa

A takarda komai ya yi kyau. Amma kafin a kai ga kuɗi akwai ƙofofi uku, kuma kowacce na iya tsayar da mutum.

Ta farko asibiti ce. Dattijo ya zo da tari, rama, haki, ciwon ƙirji, an ɗauki hoto an ga ruwa ya taru a gefen huhu. A ƙasar da ke cikin waɗanda tarin fuka ya fi yawa a duniya, abin da zai fara zuwa ran likita ke nan, kuma ba laifinsa ba ne. Sai a gwada kaki, ko ba a ga ƙwayar cutar ba wani lokaci a ɗora shi a kan maganin wata shida a gani. Wata shida kuwa ga mai mesoteliyoma rabin abin da ya rage masa ne. Tabbatar da wannan cuta na buƙatar hoton sikan mai zurfi, da yanko ɗan nama daga tantanin a kai ɗakin gwaji, abin da sai manyan asibitoci irin Asibitin Ƙasa na Abuja ko asibitin koyarwa na Gwagwalada, kuma da kuɗi. Tambayar da za ta buɗe hanya ba ta da tsada ko kaɗan: "Baba, wace sana'a kuka yi a da?" Sau da yawa amsar da za a samu ita ce "Noma, likita," domin abin da yake yi yanzu ke nan. Shekara takwas ɗin da ya yi a kan rufin gidajen gwamnati ba ya ganin ta shafi tarin yau, sai in ɗansa da ya rako shi ya tuna masa. In Allah ya yi masa rasuwa kafin a gano, an yi jana'iza a ranar kamar yadda addini ya koyar, to hujjar likita ta tafi ke nan, ba wanda zai yarda a yanka gawar mahaifinsa don neman kuɗi.

Ƙofa ta biyu ita ce shaidar aiki. Dokar ta amince da yarjejeniyar baki, amma jami'in da ke riƙe da fayil sai ya ga wani abu. Yadda ake aikin gini a nan kuwa kowa ya sani: babban kamfani ya ci kwangila, ya yanka wa ƙaramin ɗan kwangila, shi kuma ya ba wani kafinta aikin rufi, kafintan ya je bakin titi da sassafe ya ɗebo mutum biyar daga cikin masu zaune da shebur da diga da kwanon sarki. Da yamma a ƙirga wa kowa kuɗin yininsa a hannu. A cikin wannan jerin, wane ne ubangidan leburan? Kuma bayan shekara 35 wa zai tsaya ya ce ya san shi? Tsohon katin shaidar kamfani da ya ƙoƙe a ƙasan akwati, takardar biyan albashi, lambar tsohon asusun tanadin ma'aikata, hoton da aka ɗauka a wurin aiki, abokin aikin da ke raye, duk waɗannan a irin wannan shari'a sun fi zinariya. Wanda ya yi aiki a ma'aikatar ayyuka ko hukumar ruwa ko wata masana'anta mai rajista ya fi samun sauƙi, don akwai fayil.

Ta uku ita ce mafi wuya. Asusun ya fara ne bayan 2010, ƙurar kuwa an shaƙe ta tun kafin nan, a kamfanonin da da yawansu sun rufe ba su taɓa zuba ko sisi ba. Lauyan ma'aikaci zai ce doka ta ɗauki ranar naƙasa a matsayin ranar rauni, don haka ciwon da ya bayyana yau na ƙarƙashin dokar yau ne. Masu riƙe da asusu za su ce kuɗin na waɗanda aka yi wa rajista ne, ba za a biya bashin mataccen kamfani da gudummawar masu rai ba. Ko an wuce wannan, akwai wani cikas: diyyar ana auna ta ne da albashin da mutum ya rasa, kuma dokar ta ɗaure tsawon biyan da shekarun barin aiki, inda ta sa 55 a matsayin ma'auni. Mai cutar asbesto kuwa akasari ya riga ya wuce nan, ba shi da albashin da za a ce ya rasa. A ganina nan ne dokar ta fi nuna cewa ba da irinsa a rai aka rubuta ta ba.

Akwai kuma waɗanda ba ta san da su ba sam. Matar da ta shekara goma tana kaɗe kayan aikin mijinta kafin ta wanke, ita ma ta shaƙa, kuma an tabbatar a ƙasashe da dama irinta na kamuwa da mesoteliyoma. Amma ita ba ma'aikaciya ba ce, asusun ba nata ba ne. Haka mai gidan da ya kwana a ƙarƙashin silin: zama kawai ba ya ba mutum haƙƙin diyya, dole sai akwai ciwon da likita ya tabbatar.

Asusu ko kotu?

Dokar ta ce diyyar da take bayarwa tana madadin kai mai aiki ƙara. Duk da haka Kotun Ma'aikata, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin duk abin da ya shafi lafiya da tsaron ma'aikaci, ta sha sauraron ƙararrakin sakaci ta kuma yanke diyya. Abin da ba a yi shi ne cin tudu biyu: ba za ka karɓa a asusu kuma ka karɓa a kotu kan ciwo ɗaya ba. Kotu na iya ba da kuɗi mai kauri, har da na wahala da raɗaɗi, amma sai ka nuna kamfanin ya sani ko ya kamata ya sani, bai kare ka ba. Sai kamfanin yana raye yana da abin biya. Sai kuma ka tsallake dokokin wa'adin shigar da ƙara. Shari'a tana cin shekaru, marar lafiyar kuwa ba shi da su.

Kamfanoni na da hujjojin da suka saba kawowa. Za su ce a lokacin babu dokar da ta hana. Gaskiya ne ba a hana ba, amma sanin haɗarin ya daɗe: tun 1924 aka rubuta mutuwar Nellie Kershaw, ma'aikaciyar masaƙar asbesto a Rochdale ta Ingila, wadda ta rasu ba a biya ta komai ba, kuma a 1960 likita Christopher Wagner da abokan aikinsa suka nuna alaƙar shuɗin asbesto da mesoteliyoma a Afirka ta Kudu. Za su ce taba ce ta kashe shi. Wannan na iya zama abin muhawara a sankarar huhu, amma taba ba ta kawo mesoteliyoma. Za su ce ya yi aiki a wurare biyar, ta yaya aka san tamu ƙurar ce? Wannan ta ƙarshe ita ce mai ƙarfi.

Wanda ba shi da kuɗin lauya, Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa na da hurumin karɓar irin wannan ƙorafi na diyyar ma'aikata. Tallan lauyoyin waje kuwa, waɗannan kuɗaɗe na waɗanda suka yi aiki a can ne ko da kayan kamfanonin can. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom zai sa sunanka, ɗan damfara ne.

Yadda wasu suka kwance ƙullin

Hujjar "wace ƙura ce" kotun ƙolin Birtaniya ta lokacin ta rushe ta a 2002, a shari'ar Fairchild: ta ce ya isa a nuna kamfani ya ƙara wa ma'aikaci haɗarin kamuwa, ba sai an gano zaren da ya yi kisan ba. A 2014 kuma ƙasar ta kafa wani tsari na musamman, da kuɗin kamfanonin inshora, don masu mesoteliyoma da aka rasa kamfaninsu da inshorarsa. Faransa ta kafa nata asusun tun 2000. A Amurka kamfanin kayan asbesto na Johns-Manville ya ayyana karyewa a 1982 saboda yawan ƙararraki, aka mayar da kaso mai yawa na dukiyarsa asusun biyan marasa lafiya. Daga irin waɗannan asusai ne miliyoyin da ake talla suke fitowa.

Wanda ya fi kusa da halinmu shi ne na Afirka ta Kudu. Kimanin mutum 7,500, ma'aikatan ma'adinai da mazauna kusa da su, talakawa ƙwarai, suka kai kamfanin haƙar asbesto na Cape ƙara a Landan, inda uwar kamfanin take. A 2000 kotu ta amince a saurari ƙarar a can, a 2003 aka sasanta kan fam miliyan 7.5. In aka raba, abin da ya kai hannun kowa ba shi da yawa, kuma da dama sun rasu kafin a biya. Amma ya nuna abu ɗaya: ba ɗaiɗaiku suka je ba, ƙungiya suka yi, aka tattara sunaye da hotunan ƙirji da tarihin aikin kowa. Afirka ta Kudu ta haramta asbesto gaba ɗaya a 2008, Birtaniya a 1999, Tarayyar Turai a 2005. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar asbesto ta 1986 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, kuma ba ta da asusu na musamman don wanda ubangidansa ya ɓace.

Masu shaƙa a yau

Zance bai tsaya kan dattawa ba. Tun da aka fara sayar da gidajen gwamnati a Abuja a 2005, masu saye ke sauke tsohon rufi suna sa na zamani, ga rusau da ba ya ƙarewa. Ka tsaya ka kalli yadda ake sauke irin wannan rufi: yaro ɗan shekara ashirin a sama ba ko ƙyalle a hanci, yana ɓalle kwanon da guduma yana wurgowa ƙasa, yana tarwatsewa, wani na sharewa da busasshiyar tsintsiya, wani na lodawa a baro. Wanda bai fashe ba ya tafi Panteka a sayar wa mai ƙaramin ƙarfi, ya rufe shago ko kejin kaji, ya sake yanka shi daidai awonsa. Ɓaraguzan kuma a cike ramin hanya da su, motoci su riƙa niƙawa. A garejin Apo, makanike na hure ƙurar birki da baki ko da iskar famfo.

Abin da ya kamata a yi ba ɓoyayye ba ne: a jiƙa kwanon da ruwa kafin a taɓa, a kwance ƙusa a sauke shi ɗungurungum, kada a yanka da inji, kada a share a bushe, a sa takunkumin da aka yi don ƙura mai laushi (na asibiti ko rawani ba sa tarewa), kayan aikin kuma kada su je gida. Shi kuma mai aikin ya riƙa ajiye abin da zai zama shaida wata rana: hoton wurin a waya, sunan ɗan kwangila, kwanan wata, saƙon shigar kuɗi na banki maimakon kuɗi a hannu.

Waɗannan samarin, ba kamar iyayensu ba, a ƙarƙashin dokar 2010 suke aiki, don haka babu gardamar kafin ko bayan asusu a kansu. Abin da ya rage shi ne a yi musu rajista, kuma mafi yawan ƙananan 'yan kwangila ba sa yi. A kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, kason da doka ta ɗora wa ubangida Naira 700 ne a wata kan kowane ma'aikaci.